Wuyana da Hulunan Hajiya

Kafin shekarar Korona ban taɓa zama na yi tunanin wuyana ba. Yana nan dai yana ɗauke da kaina, ni kuma ina ɗora masa abin da na ga dama. Kullum da safe sai na yi sawu uku zuwa rijiyar burtsatse da ke bayan masallacin ƙauyenmu, bokiti a ka, sannan in yi wanka in kama hanyar makaranta. Sakandaren tamu tana can wajen Ɗanbatta, tafiyar awa guda ce cur ta cikin gonaki, idan ba a tsaya surutu a hanya ba. In na dawo ga daka, ga shara. Ranar kasuwa kuwa ni ke ɗaukar wa Inna ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa in kai wa masu saro. In gaji, in kwanta, in tashi garau.

Ina ajin ƙarshe a lokacin. Abu ɗaya ne a raina: in zana jarrabawar fita, in samu kiredit biyar har da lissafi, in tafi makarantar koyon aikin lafiya. Baba bai hana ba, amma ya gindaya mini sharaɗi tun farkon shekara. Ya ce dama ɗaya ce. In na ci in tafi, in na faɗi in zauna, ba zai yi ta kai da kawo a kan takarda ba. Na ce na ji. Ban ji tsoro ba, don lissafi ne darasin da na fi kowa a ajinmu.

Sai aka rufe makarantu. Bayan 'yan kwanaki aka rufe kasuwa, aka tare hanyoyi, aka ce kowa ya zauna a gida. Inna ta kife kaskon suyarta, tunda ba inda za a kai mai. Yayana, wanda ke aiki a birnin Kano, ya sulalo gida a kan mashin ɗinsa ta hanyar daji. Zaman banza ya ishe shi, sai ya ɗora wa kansa ɗebo ruwa. Ya ɗaura jarka huɗu a bayan mashin, kafin in ɗauraye fuska ya cika randunan gidan kaf. Na yi murna, wallahi har addu'a na yi masa. Haka tafiyata ta ƙare gaba ɗaya. Ba makaranta, ba kasuwa, ba rijiya.

Akwai wata maƙwabciyarmu da kowa ke kira Hajiya. Kakanninta daga Barno suka zo tun da daɗewa, kuma a gidansu aka san ɗinkin hula a ƙauyenmu. Ita ke yanka farin yadi, ta zana ado a kai da biro, ta raba wa mata da zare, su ɗinke su mayar mata. Da aka kulle gari sai mata suka yi mata caa, don ita kaɗai ce sana'ar da ba ta bukatar fita. Inna ta karɓo guda biyu, ɗaya tata ɗaya tawa.

"Ga shi nan," ta ce, "tunda ba boko. Idonki ya fi nawa."

Wanda bai taɓa ɗinka hula ba yana ganin wasa ne. Za ki zauna a tabarma ki miƙe ƙafa, ki ɗora yadin a cinya, ki kifa kai a kansa. Kowane ɗinki bai kai ƙwayar gero ba, kuma sai kin jera su kai da kai, in kin tsallake ɗaya Hajiya za ta gani ta sa ki warware. Hula ɗaya tana cin makonni. Na iya da wuri, hannuna ya yi sauri, Hajiya ta fara turo mini masu wahalar ado.

Ga yadda wunina ya koma. Da hantsi a saka darasi a rediyo, in baje littafi a ƙasa in duƙa ina rubutu da sauri kafin malamin ya wuce. A gama in ɗauki hula har azahar. Bayan azahar hula. Da la'asar in karɓi wayar Yaya, wadda ke da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki, rubutun ƙanana kamar tururuwa, in sake kifa kai har a kira magariba. Azumi ya shigo ya same ni a haka. Da bakin azumi ma ba mai son motsi, sai na ƙara lafewa a wuri ɗaya, a inuwar rumbu, inda har tabarmar ta yi shatin zamana.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko wani nauyi ne a ƙeya, kamar na yi barci ba daidai ba. Sai ya sauko kafaɗa. Sai ya zama wani zafi tsakanin allunan bayana, kamar an ajiye garwashi an manta. Ina murzawa in ci gaba. Bayan ƙaramar Sallah da kwana kaɗan na tashi da safe na kasa juya kaina. In Inna ta kira ni daga baya sai na juyo da jikina duka.

Baba ne ya fara tsorata. Lokacin zafi ne, kuma a wajenmu in wuya ya ƙage da zafi ba abin da ke zuwa ran mutum sai sanƙarau. Ya taɓa goshina, ya taɓa nasa. Ya ce in gwada taɓa ƙirjina da haɓa. Na gwada, hawaye suka zubo, amma ta taɓa.

"Ba zazzaɓi," ya ce. "Alhamdulillahi. Amma kada wanda ya ji a waje."

Na ce, "Baba, a kai ni asibiti mana."

"Asibiti? Yanzu? Ki je su ce Korona ce, su killace ki inda ko uwarki ba za ta gan ki ba?"

A lokacin labaran mutuwa ne kawai ke zuwa daga birni, kowa a tsorace yake. Ban ga laifinsa ba, amma na ji haushi.

Aka aika wa Gwaggo, yayar Baba. Ita ta haifi tagwaye, kuma a ƙauyenmu uwar tagwaye ce ke murza wa mutum taɓarya in wuyansa ko bayansa ya riƙe. Ta zo tana mita tun daga zaure.

"Ina 'yar bokon? Wuyan ma bokon ya shiga? Ni shekara nawa ina ɗaukar itace a ka, ban taɓa jin wuya ya yi ƙorafi ba. Ku kuwa kuna zaune a inuwa kamar matan Alhazai, kuna ciwo."

Na ce, "Gwaggo, in za ki murza ki murza."

"Ji bakinta. Ciwon bai kai nan ba ke nan. Kwanta."

Na kwanta rubda ciki, ta ɗora taɓaryar a ƙeyata, ta yi bismilla, ta mirgina ta har ƙugu sau bakwai. Na yi ihu, ta ce ihun ne ciwon ke fita. Gaskiya na ji sauƙi ranar, har na juya kai kaɗan. Washegari ya dawo yadda yake. Bayan ita aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a kafaɗu, tabon yana nan har yau. Yaya ya sayo ƙwayoyi a kemis da man zafi. Duk na kwana biyu ne.

Sai Baba ya yanke hukuncin da ya fi komai cutar da ni, kuma da tausayi ya yanke shi. Ya tara gidan ya ce daga yau yarinyar nan ba daka, ba shara, ba wanke-wanke, ba ɗaukar ko da buta. Ta huta.

Inna ta ce, "Hular fa, Malam?"

"Hula ai ba aiki ba ce. Zama ne. Ta yi abinta a hankali."

A gidan manoma haka abin yake. Aiki shi ne wanda ake yi a tsaye, wanda ke sa gumi: fartanya, taɓarya, gatari. Duk abin da ake yi a zaune hutu ne. Ni ma haka na yarda, ban yi musu ba. Aka ɗauke mini ɗan motsin da ya rage, aka bar mini allura. Inna ta ɗauki dakan duka ita kaɗai, ina jin nishinta daga inda nake, kunya ta sa in ƙara ƙwazo a ɗinkin don kada a ce ina zaune a banza. Hajiya ta turo wasu uku na babbar Sallah, da saƙon gaisuwa da fatan samun sauƙi.

Wata biyu na yi a haka. Damina ta sauka, kowa ya tafi gona, ni ina gida ina hutawa. Na daina iya durƙusawa in sunkuyar da kai in gaida manya yadda ya kamata, sai in tsaya ƙiƙam in ce ina kwana. Wani dattijo abokin Baba ya ce masa 'yarsa ta fara ɗaga kai tun ba ta zama likita ba. Da aka faɗa mini na ce a ce masa ya zo ya ara wuyan na kwana ɗaya. Inna ta ce in rufa mata asiri.

Ranar da na tsorata da gaske, ina rubuta darasin rediyo ne biro ya suɓuce daga hannuna. Na ɗauka ya sake faɗuwa. Yatsuna biyu na hannun dama sun yi dum, kamar ba nawa ba. A makon nan kuma aka sanar cewa za a buɗe makarantu ga 'yan ajin ƙarshe kawai, jarrabawa saura mako uku ko huɗu.

Ban nemi izinin kowa ba. Na sami Yaya yana wanke mashin na ce ya kai ni asibiti.

"Baba ya sani?"

"Zai sani in mun dawo. In ba za ka kai ni ba in tafi a ƙafa."

"Ke dai ba ki da sauƙi," ya ce, ya tayar da mashin.

Ƙaramin asibiti ne a kan hanyar Ɗanbatta. Ba wanda ya killace ni. Wata nas ce a ciki, babbar mace, takunkumi a fuskarta, da gani ta gaji da mutane. Ta auna zafin jikina, ta danna ƙeyata da kafaɗuna, ta sa na matse yatsunta. Sannan ta zauna ta ce in faɗa mata abin da nake yi tun daga safe har dare, kada in tsallake komai. Na faɗa.

"Awa nawa kike yi a kan hular?"

"Ban ƙirga ba. Duk wunin."

"Da can fa, kafin kulle?"

Na ba ta labarin makaranta da rijiya da daka.

"To ke ce ta nawa yau," ta ce. "Masu hula, masu waya, malaman da suka kwanta wata huɗu a tabarma. Ƙanwata, kanki nauyi gare shi. In kina tsaye yana zaune daram a kan wuya. In kin kifa shi, jijiyoyin baya ne ke riƙe da shi kamar igiyar guga, ke kuma kin bar gugan a rataye wata da watanni. Ajiye allurar nan. Ki yi tafiya safe da yamma. Ki koma shara, ki koma daka kaɗan-kaɗan, amma ban da kaya a ka tukuna. Karatu kuma ki ɗaga littafin daidai idonki. In dole sai kin sunkuya, kada ki daɗe, ki ɗago ki juya wuyan dama da hagu a hankali, sannan ki koma."

Na ce, "Zai warke kafin jarrabawa?"

"Wata nawa kika yi kina tara shi?"

"Huɗu."

"To ba zan yi miki ƙarya ba. Zai ragu. In hannun ya ƙara mutuwa ki tafi babban asibiti, kada ki tsaya."

Da muka dawo na maimaita wa Baba duk abin da ta ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wace irin ma'aikaciya ce za ta ce marar lafiya ya yi daka?"

"Irin wadda ta yi karatu, Baba."

Ban kamata in faɗa haka ba. Ya tashi ya fita, kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Inna kuwa damuwarta hula ce. Saura ɗaya a hannuna, ta wani Alhaji, na yi fiye da rabi, Sallah saura kwana tara.

"Ki ƙarasa wannan kawai," ta ce. "Mun yi wa Hajiya alkawari. Da wane ido zan kalle ta?"

"Ba zan ƙara soka allura ko sau ɗaya ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Inna, hannuna ne ke mutuwa. Da shi zan rubuta jarrabawa."

Inna ta juya. Ta ɗauki hular ta zauna a inda nake zama. Idonta ba ya ganin ƙananan ɗinki, sai ta kai yadin dab da hancinta, bayanta ya lanƙwashe. Na ɗauki taɓarya na yi dakan da ta bari. Kwana takwas muka yi a haka, ina daka tana ɗinki, ba mai kallon wani. Ta gama, Hajiya ta karɓa, ta ce gefe ɗaya bai kai ɗaya kyau ba. Tun daga lokacin Inna ke dafa ƙugu in za ta tashi. Ba ta taɓa cewa ni na jawo ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Tafiya ta taimaka. Da aka buɗe makaranta na koma bin hanyar gonaki, gero ya fi ni tsawo, ina tafe ina juya kafaɗu kamar mai taɓin hankali. Yatsuna suka farfaɗo. Na sa Yaya ya buga mini ƙusa a bangon ɗaki, na rataye littafi a kai da zare ina karatu a tsaye. Amma sunkuyo ya ƙi. In na duƙa a kan takarda na ɗan lokaci, zafin sai ya taso daga tsakiyar baya ya hau ƙeya ya shiga idanuna.

Lissafi ne a farkon jarrabawar. An jera mu nesa da juna saboda cutar, kowa da takunkumi. Teburin gajere ne, irin na 'yan aji ɗaya. Malamin da aka turo sa ido baƙo ne, bai san ni ba, bai san komai a kaina ba. Na duba tambayoyin na ji daɗi, don na san su. Na fara. Da zafin ya taso sai na yi yadda nas ta ce, na ɗago na juya kai dama, na juya hagu, na koma. Na yi haka sau biyu. A na uku ya iso kaina.

"Ke, me kike leƙe?"

"Ba leƙe nake ba, Malam. Wuyana ke ciwo."

"Kowa ma wuyansa na ciwo ranar lissafi."

Wasu suka yi dariya a cikin takunkumi. Da na yi shiru, ko na roƙe shi ya kira shugabar makarantarmu ta yi masa bayani, wataƙila da an wuce wurin. Amma ni ce. Na ce, "Malam, wa zan leƙa a nan? Duk ajin nan ni suke leƙa."

Ya ɗauki biro ya yi wata alama a takardar da ke hannunsa. Ya ce in na sake ɗago kai sau ɗaya zai karɓe takardata ya rubuta satar amsa, in je in yi bayani a gaba. Ya ja kujera ya zauna daidai inda yake ganina.

Na kifa kai ban sake ɗagowa ba. Ban san tsawon lokacin da na jure ba. Na san dai lambobin sun fara rabuwa biyu, gumi yana ɗiga a kan takardar, yatsun nan biyu suka sake yin dum. Ina ganin tambaya, na san hanyarta tun daga farko har ƙarshe, amma in na kai layi na uku sai in manta abin da na rubuta a na farko, don hankalina duka yana ƙeyata. Daga baya na ajiye biron na dafe goshi da hannu biyu, ina kallon takardar. Da aka ce a tsaya, ban kai rabin tambayoyin ba.

A sauran darussan na sami shugabar makaranta tun da safe, ta yi magana da masu sa ido, aka mayar da ni layin ƙarshe kusa da bango, aka bar ni ina ɗagowa. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan. Bai zo mini ba.

Sakamako ya fito bayan an yi girbi. Yaya ne ya duba a wayarsa ya miƙo mini. Kiredit shida. Lissafi babu.

Na sami Baba a gona suna ɗaurin dawa. Na jira har ya zo inuwa shan ruwa, na faɗa masa. Na faɗa masa dalilin kuma, tun daga hular har malamin, ban ɓoye abin da bakina ya jawo ba. Na ce darasi ɗaya ne, ina so in sake.

Ya daɗe yana kallon moɗar da ke hannunsa.

"Na ce dama ɗaya," in ji shi.

"Na sani, Baba. Amma ba da wuyan nan na yi alkawarin ba."

"Ni na ce ki zauna ki huta," ya ce. Ba tambaya ba ce, kuma ba da ni yake ba. Ya zubar da sauran ruwan a gindin bishiya. "Bari mu ga baɗi."

Baɗi ta zo, Inna ce a kwance da ciwon baya, ni ke riƙe da gidan. Shekarar da ta biyo damina ta yi gardama. Ban daina tambaya ba, shi ma bai taɓa cewa a'a ba. Duk shekara in an fara rajista sai in je in tsaya a bakin ɗakinsa, ya ɗago ya gan ni, ya san abin da ya kawo ni. Bana ma na je.